Gwaggo da Sawun Ƙofar Gida

Ranar Lahadi da hantsi Gwaggo ta cika, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Yayar babanmu ce, ita ta riƙe mu ni da ƙanena tun da iyayenmu suka bar duniya. Lungunmu na tsohon garin Agadas matsattse ne, jaki mai kaya ba ya wuce ɗan'uwansa a ciki, amma ranar sai da ya haɗiye mutanen unguwa uku.

Matan da take sayar da kauɗa, wato busasshen tumatir, tare da su a kasuwa suka shigo a jere. Babbarsu ta zube a tsakar gida tana cewa, "Wayyo Allah, wa zai ƙara zaginmu da safe mu ji daɗi?" Liman ya ce shi bai taɓa ganin macen da ba ta tsoron fuskar kowa kamarta ba. Ban sani ba ko yabo ne ko ƙorafi, don shi ma ya sha a hannunta. Wani manomin Dabaga da ke kawo mata busasshen tumatirin da take sayarwa ya iso ran Litinin da buhu a bayan moto, wato babur, bai ji labari ba. Da ya ga tabarmi, ya sauke buhun ya zauna a kai. Kuma bai koma gida ba, a zaure ya kwana tare da maza.

Akwai matan da ban taɓa gani ba. Ɗaya ta kama hannuna ta raɗa mini, "Ita ta kai ni." Ba ta faɗi inda aka kai ta ba, ni ma ban tambaya ba, don na sani. Tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta fi kowa kuka, amma ta ƙi taka ɗakin Gwaggo, a bakin ƙofa ta tsaya. Daga bayan rumfa kuma na ji wata tana cewa, "Allah ya jiƙanta, amma ta cika son likita, kai ka ce ita ta haife shi." Na waiga na gane mai maganar. Ban tanka ba saboda ranar ba ta faɗa ba ce, amma na ajiye mata.

Duk wannan da rabin ido na gan shi. Sauran idon yana kan ƙanena, Auta, da ke zaune a ƙarshen tabarmar maza. Ana miƙa masa hannu yana miƙawa, bakinsa ba ya motsi. Shekara biyu ke nan yana shan maganin ciwon damuwa, kuma Gwaggo ce take ba shi da hannunta kowace safiya. Abin da ke cin raina guda ne: kada Auta ya bi hanyar da ɗan Gwaggo ya bi. Don a gane wannan tsoro, kuma don kada a tuna Gwaggo da zagin kasuwa kawai, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Lokacin da nake yarinya, Gwaggo ce farmasin unguwa. Tana da wani babban gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Duk wanda ya je gidan likita ya samu sauƙi, sai ya kawo mata ragowar maganinsa, don a wurinmu zubar da magani almubazzaranci ne, ɓoye shi a ɗaki kuma rowa. Ita kuwa da launi take rabawa. Fari na ciwon kai, ja na ƙarin jini, mai launi biyu na ciki. Mace za ta leƙo ta ce, "Gwaggo, jikina duk ba daɗi," sai ta zuba hannu ta lalubo mata biyu, ta haɗa da faɗa: "Ki rage surutu, shi ne rabin ciwonki." Wallahi da zuciya ɗaya take yi, kuma kowa yana sa mata albarka.

Ɗa ɗaya ta haifa. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, don haka kowa Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, har mu na gida. Da yake ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In za ta yi masa magana, bango take fuskanta ta ce, "A gaya wa wancan tuwonsa na hucewa," alhali yana zaune kusa da ita. Shi kuma ya yi dariya ya ce wa bangon, "A ce mata na ji."

Wata shekara dariyar ta ɗauke. Ba wanda ya mutu, ba a kore shi aiki ba, ba a hana shi mata ba. Kawai sai ya daina cin abinci, ya daina fita majalisar shayi, ya koma kwanciya da fuska a bango. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, Gwaggo ta juye gwangwaninta kaf, ba canji. Wani abokin aikinsa ne ya ɗauke shi zuwa Yamai wurin likita. Suka dawo da kwalayen magani uku da takarda da Faransanci. Mako uku ba mu ga komai ba, Gwaggo har ta fara tsaki. A na biyar sai ga Mushe ya nemi ƙarin tuwo. Cikin wata biyu ya koma aji, ya koma yi wa bango magana.

A daidai lokacin mijin maƙwabciyarmu ya rasu. Matar ta shiga takaba, ba ci ba barci, sai kallon ƙasa. Gwaggo ta dube ta, ta dubi ɗanta da ke dariya, ta ce ai ciwon iri ɗaya ne. Ina tsaye ina wanke kwanuka ta ɗauko kwali biyun da suka rage, ta fuskanci bango.

"A gaya wa wancan tunda Allah ya ba shi lafiya, ragowar nan sadaka ce."

Mushe ya ce, "Inna, likita ya ce sai na yi wata shida, kuma in koma ya gan ni."

"Likita ne ya warkar da mutum ko Allah? Mai lafiya ya zauna yana haɗiyar magani, maƙwabciya na mutuwa a tsaye? A ji kunya mana."

Ya bar ta ta ɗauka. Ya za a yi ya ja da uwarsa a kan sadaka? Kuma ina jin shi ma yana son ya yarda ya warke. Ni aka aika na miƙa kwalayen ta kan katanga. Daga baya muka ji matar kwana huɗu ta sha, jiri da amai suka kama ta, ta zuba sauran a rami. Ba ta maido ba, don abin da aka ba ka sadaka ba a mayar da shi, cin fuska ne. Mushe ma bai je ya roƙa ba, don abin da aka bayar ba a karɓowa.

Ba a yi wata biyu ba ya sake komawa bango, kuma wannan karon ya fi na farko nauyi. Wata safiya bayan sallar asuba aka ga butarsa a ƙofar gida, shi babu. Maza suka fito neman sawu, amma masu zuwa kasuwa sun riga sun tattake lungun. Rabin yini aka ɓata ana gardama, wasu na cewa gabas, wasu arewa. A rana ta uku makiyaya suka same shi can bayan kori, busasshen rafin nan, gefen hanyar Dabaga. Bai ɗauki ruwa ba da zai fita. Ba zan ce fiye da haka ba.

Gwaggo ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kunyar ɗan fari ta hana. Amma ran sadakar bakwai na gan ta ta ɗauko gwangwanin, ta juye shi a murhu, ta tsaya tana shaƙar warin har ya cinye. Daga ranar duk wadda ta leƙo neman magani amsa ɗaya take samu: "Magani ba goro ba ne da za a raba. Ni ba likita ba ce, ni mai kai mutum ce. Ɗauko mayafinki." Kuma kai mutum take yi, da ƙafarta, tana zaginsa a hanya. Mai tallan magani a faranti kuwa ya daina bi ta lungunmu tun ranar da ta bi shi da muciya.

Daga ranar ne kuma ta fara sharar ƙofa. Kullum bayan magariba sai ta ɗauki tsintsiya ta share rairayin ƙofar gida, ta lallashe shi sumul, ta gaba da ta baya wajen garken awaki. Da asuba kafin kowa ya fito, ta duƙa tana dubawa. Mutane suka ce tsafta ce ta tsufa. Mu na gida mun san sawu take karantawa, ta san wa ya fita, ƙarfe nawa, ina ya fuskanta. Sama da shekara ashirin ba ta fasa ba, ko tana zazzaɓi.

Auta direba ne, hanyar Dirku yake yi. Mutum ne mai baki, in ya dawo tafiya sai lungu ya san ya dawo. Shekara biyu da suka wuce motarsa ta lalace a cikin hamadar Tenere, suka yi kwanaki kafin a kai musu ɗauki. Da hannunsa ya binne mutum biyu cikin fasinjojinsa. Ya dawo jikinsa lafiya, aka yi ta barka. Sai ya ajiye makullin mota a kan taga, ya kwanta. Da na shiga kai masa shayi na tarar da fuskarsa a bango, tiren ya kusa suɓuce mini.

Baba ƙarami, ƙanen babanmu, shi ne babban gida a yanzu. Ya ce iskar daji ce, a kira malam. Gwaggo ta ce a kira, amma gobe za ta kai yaron gidan likita, ɓangaren masu duba tunani.

"Ɗakin mahaukata?" in ji Baba ƙarami. "Haba Yaya! Garin nan kowa ya san kowa. In aka gan shi a bencin nan, wa zai ba shi ƴa? Wa zai ƙara ba shi mota?"

Gwaggo ta ce, "Wancan da na rufa wa asiri yana ina? Tashi ka nuna mini matarsa."

Baba ƙarami ya ɗauki takalmansa ya fita, wata uku bai tako gidan ba. Ita ko a jikinta. In an ambace shi sai ta ce, "Zai dawo, a nan ne ake masa miyar kauɗa yadda yake so." Haka kuwa aka yi.

Ni na raka su ranar farko. Likitan ba babba ba ne, Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, ka gama lakwal ɗin kuwa?" Ya yi murmushi ya ce ya gama. Ya daɗe yana yi wa Auta tambayoyi a hankali, barci, abinci, abin da ke zuwa masa a rai in ya kaɗaita. Har ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin barin duniya. Na ji kamar in toshe kunne. Auta ya gyaɗa kai.

Likita ya juyo wurin Gwaggo. "Inna, wannan ciwo ne kamar sauran ciwo, muna ce masa depresiyon. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. Akwai magani, akwai kuma zama da za mu riƙa yi da shi muna magana. Amma maganin ba ya nuna aikinsa yau ko gobe, sai ya ɗauki makonni. In ya dame shi, ku dawo, kada ku yanke hukunci a gida. Kuma ranar da ya ce muku ya warke, kada a tsayar. Ni zan faɗi lokacin, kuma a hankali ake janyewa."

Gwaggo ta ce, "In wani ya tsayar fa? In ya ga yaro na dariya, ya ɗauki ragowar ya ba wani?"

"Ciwon yana iya dawowa, wani lokaci da ƙarfi. Wanda aka ba kuma yana iya cutuwa, don ba shi aka auna wa ba."

Ta dubi hannuwanta. Sai ta buɗe baki ta faɗi sunan Mushe. Sunansa na yanka, cikakke, wanda ban taɓa ji a bakinta ba tun da aka haife ni. Ta ce, "Haka na yi masa." Likita bai gane ba, ya dube ni. Ni kuwa hawaye sun hana ni bayani. Ita ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "To, rubuta. Wannan ba zai kuɓuce mini ba."

Tun daga nan maganin Auta ya koma cikin alaben fata da take ratayawa a wuya, ƙarƙashin riga. Kowace safiya ta dafa shayi, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta sa masa a tafin hannu, ta tsaya sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa. "Buɗe baki in gani, ɗan banza, ni za ka yi wa wayo?" Rubutun liman ma ba ta fasa karɓowa ba. Takan ce, "Sha wannan, haɗiye wancan, duk Mai su ɗaya ne." Maganin farko ya sa shi tashin zuciya da ciwon kai, ya rantse ba zai ƙara ba. Ba ta yi gardama da shi ba, ta tare kabu-kabu ta ɗora shi, suka koma. Likita ya canza masa wani. Da azumi ya zo, Baba ƙarami ya ce a bar magani sai bayan salla. Ta tafi da ƙishirwarta cikin rana ta tambayo, aka ce a mayar da shi bayan shan ruwa.

Akwai abu ɗaya da ta yi wanda ya ba ni tsoro fiye da komai. Wata rana na same ta da takalmin Auta na fata a cinya da wuƙar yanka albasa. Ta yi wa dunduniyar na hagu ƴar tsaga, irin shaidar da ake yi wa kunnen akuya. Na ce, "Gwaggo, sabon takalmi ne fa!" Ta ce, "Wancan karon sawu ɗari ne a lungu, ba mu san nasa ba." Auta ya ga tsagar, ya sa takalminsa haka nan.

Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Bai koma hanya ba, amma ya kama gyaran mota a wani garaji, yana ci, yana tsokanata. Sau biyu yana cewa ya warke. Sau biyu Gwaggo tana cewa, "Madalla, ka gaya wa likita ran Talata." Talatar farkon kowane wata ce randebunsu, ranar ganin likita. Sukan zauna a benci ɗaya, ita a dama, karnensa, wato ɗan littafinsa na likita, a hannunta, tana yi wa sauran masu jira faɗa a kan zaman layi.

Ciwon ajalinta kwana biyar ne. Ran Juma'a da rana ta kira ni, ta kama hannuna ta ɗora a kan alaben. Auta yana tsaye a bakin ƙofa.

"Talatar nan randebunsa ne. Ko gawata ce kwance a tsakar gidan nan, a tsallake ni a kai shi. Cire wannan ki rataya."

Na ce, "Haba Gwaggo, bar wannan magana, ke za ki kai shi da ƙafarki." Na janye hannuna. Gani nake in na karɓa, na yarda za ta mutu. Wannan wautar tawa ce, ba ta kowa ba, kuma har gobe ina jin zafinta.

Da ta cika, gida ya rikice. Ni ce a kan tukwane, ni ce a kan baƙi, ni ce mai nemo tabarmi. Ina kallon Auta daga nesa ina jin tsoro, amma kaina bai kawo mini alaben ba. Sai ran Talata da safe, ranar sadakar uku, ana ƙulla gumba da dabino, na ga tsohuwar maƙwabciyarmu ta nufo ni tana dogara bango. Ta jawo ni gefe, ta fito da alaben Gwaggo daga cikin zane.

"Matar Baba ƙaraminku ce ta ba ni. Wai da suka yi wa Gwaggo wanka sun ɗauka laya ce, suka buɗe suka ga magani. Ta ga kwana biyu ba na barci don kuka, ta ce in sha, ladan ya kai wa mamaciya." Ta miƙo mini shi. "Ban sha ko ɗaya ba. Na rasa yadda zan yi, sadaka ce. Amma ƴata, wancan karon ban maido ba."

Inna lillahi. Kwana uku ke nan Auta bai sha ba, ga mutuwar wadda ta riƙe shi a kai. Na fizgi alaben na yi waje. Ƙarshen tabarmar maza babu kowa. Ɗakinsa babu kowa. Butarsa tana bakin ƙofa.

Na duƙa a ƙofar gida kamar yadda Gwaggo ke yi, amma ba sawun da zan iya karantawa. Kwana uku ba wanda ya share, mutum ɗari sun bi ta kai. Na shiga tsakiyar maza ba ko sallama, na ce wa Baba ƙarami Auta ba ya nan.

Ya ce, "Yana nan kusa. Ki koma ciki, liman zai fara addu'a. Ƴar gida ba ta fita ran sadakar uku, me mutane za su ce?"

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. "Baba, su ce abin da za su ce! Rabin yini kuka ɓata wancan karon, ni ba zan ɓata ba."

Manomin Dabaga ne ya fara miƙewa, bai tambayi komai ba. Na ce masa ya hau motonsa ya bi hanyar garinsu har bayan kori, yana duba gefe da gefe. Ni kuma na zaga ƙofar baya, wajen awaki, inda masu gaisuwa ba sa bi. Ga shi nan kuwa, sawun hagu mai tsaga, sabo, ya fuskanci waje.

Na bi shi a duƙe ta bayan gidaje, yana ɓacewa yana fitowa, har bakin gudro, titin kwalta, inda ƙasa ta ƙare. A nan hanya ta rabu. Hagu ta fita daga gari ta nufi Dabaga, dama ta shiga wajen gidan likita. A gefen titin na tarar da sawun nan ba ɗaya ba, ba goma ba, duk a wuri ɗaya, wani kan wani. Wasu sun kalli hagu, wasu sun kalli dama. Ya daɗe a tsaye a wurin yana juyawa. Daga nan ya hau gudro, ban ƙara ganin komai ba.

Na tare kabu-kabu na ce dama. Ba don na sani ba, don dai an riga an bi hagu, kuma ba ni da ƙarfin da zan ga abin da ke can. Duk hanya ina cewa, "Ya Allah, Talata ce, ka tuna masa Talata ce."

Yana kan bencin. Ya zauna a gefen hagu, ya ajiye karnensa a dama, wurin Gwaggo, ba wanda ya zauna a kai duk da cunkoso. Na tsaya a gabansa ina haki, na rasa ko in mare shi ko in rungume shi.

"Don Allah me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Kina kan tukwane, Yaya." Ya dubi ƙafafunsa. "Ta ce ko gawarta ce a tsallake. Na tsallake."

Da aka kira mu, likita ya leƙa bayanmu ya ce, "Ina Inna?" Shekara biyu Gwaggo ce ke amsa tambaya kafin Auta ya buɗe baki. Ranar shi ya yi magana.

"Ta rasu ran Lahadi. Kwana uku ban sha magani ba. Kuma tunanin nan ya dawo. Yau da safe na tsaya a mararraba, ban san tsawon lokacin ba. Ɗaya hanyar ta fi sauƙi, likita, ba zan ɓoye maka ba."

Likita ya ajiye abin rubutunsa. Ya yi mana ta'aziyya, sannan ya daɗe da Auta fiye da kullum. Ya duba abin da ke cikin alaben, ya faɗi yadda za a koma sha, ya ce kada a haɗa na kwanakin da aka tsallake. Ya ce ba wata za mu jira ba, mu dawo bayan kwana uku, kuma kada a bar shi shi kaɗai a kwanakin nan. In abin ya yi tsanani kafin nan, mu zo ko wane lokaci ne. Sai ya tambaya, "Yanzu wa zai riƙe maganin?" Na sa hannu a wuyana, ashe na riga na rataya alaben tun a hanya ban sani ba.

Da muka dawo an shafa fatiha an watse. Manomin Dabaga ya dawo bayan azahar, fuska duk ƙasa, da ya ga Auta, sai ya zube a kan buhunsa ya fashe da kukan da bai yi ba tun Litinin. Baba ƙarami har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Zai dawo, na iya miyar.

An yi arba'in makon jiya. Ba zan ce muku Auta ya warke ba, ba ni ke faɗin wannan ba. Wata safiyar yana tsokanata, wata safiyar sai na kira shi sau uku. Mata biyu sun riga sun leƙo suna cewa tunda ni na gaji alaben, ko zan ɗan taimaka musu da na barci. Na ce su ɗauko mayafi. Kullum bayan magariba ina share ƙofa, gaba da baya, kuma ban taɓa duƙawa da asuba gabana bai faɗi ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kwali biyun nan, ya dubi shekarun da ta yi tana shara saboda su. Ya haɗa ta da ɗanta inda za ta kira sunansa ba kunya.

Shekaranjiya takalmin Auta ya tsinke, ya sayo sabo. Ina yanka albasa a tsakar gida ya zo ya tsaya a kaina. Ya cire na hagu, ya ajiye mini a cinya.

Na ce, "Sabo ne fa."

Ya ce, "Yi masa tsagar, Yaya. Ban kai inda za a daina duba sawuna ba tukuna."

Na goge wuƙar a zanena, na yanka.